Ɗan Gida Ne Ko Bare? Abin Da Ke Riƙe Yaro A Makaranta

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan yaranmu ne da zuwansu makaranta. A karanta shi a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Sa yaro a makaranta abu ɗaya ne, riƙe shi a can kuma wani abu ne dabam. A shekarar 1976 gwamnatin Nijeriya ta soma shirin UPE, na ba da ilmin firamare kyauta. A 1999 aka kawo shirin UBE, dokarsa ta 2004 kuwa ta ce tilas kowane yaro ya yi shekara 9 yana karatu kyauta. Duk da haka, a 2018 hukumar UNICEF ta ce yara wajen miliyan 10 da rabi ba su zuwa makaranta a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa. Bayan waɗannan akwai waɗanda sunansu yana cikin rajista, amma yau suna nan, gobe babu su.

Dalilan da muka saba ji gaskiya ne: rashin kuɗi, aikin gona, kiwo, talla, nisan hanya, ciwo. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, gama ba a ganinsa da ido. Shi ne ko yaro yana jin kansa ɗan gida ne a makaranta, ko kuwa bare.

Mene ne zama ɗan gida a makaranta?

Ɗan gida an san sunansa. In bai zo ba, wani zai tambaya. In ya yi kuskure, za a gyara masa ba tare da an mai da shi abin dariya ba. Yana da aboki, yana kuma da aikin da aka danƙa masa. Bare kuwa yakan zauna a bencin baya, ya yi shiru, yana jiran a kaɗa ƙararrawa. Ran da aka ce masa, "Yau ka bi mu gona," murna yake yi.

Abin da masu bincike suka gano

A 1989 wani malamin jami'a a Amurka, Jeremy Finn, ya nuna cewa barin makaranta ba a rana ɗaya yake faruwa ba. Yaro yakan janye jikinsa kaɗan kaɗan. Da fari ya daina ɗaga hannu a aji. Sai latti, sai fashi. Fashi ya sa ya kasa gane darasi, rashin ganewa ya kawo kunya, kunya kuma ta ƙara fashi. Haka abin yake juyawa har ya bari gaba ɗaya.

A 1993 wata mai bincike, Carol Goodenow, ta shirya tambayoyi 18 domin a auna wannan abu. A ciki ana tambayar yaro ko malamai suna ganin girmansa, ko 'yan'uwansa ɗalibai suna karɓarsa, ko kuma akwai babba ko da guda ɗaya a makaranta wanda zai iya kai masa kukansa. Ta tarar yaran da suka amsa da "i" sun fi himma, fashinsu da lattinsu kuma sun fi ƙanƙanta.

A 2003 ƙungiyar OECD ta fitar da rahoto a kan yara 'yan shekara 15 na ƙasashe fiye da 40. Wajen yaro 1 cikin 4 bai ji kansa ɗan gida ba, wajen 1 cikin 5 kuwa mai yawan fashi ne. Waɗannan ƙasashe ne da yawancinsu suke da gine-gine masu kyau da littattafai. Ashe gini kaɗai ba ya riƙe yaro. Rahoton ya kuma nuna akwai yara masu zuwa kullum amma zuciyarsu ba ta wurin. Saboda haka kada rajista ta ruɗe mu.

Me yakan mai da yaro bare?

Na ɗaya, harshe. Yaron da ya tashi da Ngas, ko Bura, ko Fulfulde, in ya shiga aji ya ji Turanci zalla, ya zama kamar kurma. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka yi gwaji a Ile-Ife, suka koyar da yara da Yarabanci dukan shekara 6 na firamare. Yaran nan ba su kasa a Turanci ba, waɗanda suka bar makaranta a cikinsu kuma ba su kai na sauran azuzuwa yawa ba.

Na biyu, kunya. Yaron da aka kira sunansa a gaban taro aka kore shi domin kuɗin PTA, ko aka yi wa yagaggiyar rigarsa dariya, ba laifinsa ba ne, amma shi ke ɗaukar kunyar.

Na uku, bulala da zagi. Wanda ake kira "daƙiƙi" kullum zai yarda shi daƙiƙi ne. Wanda ya san bulala tana jiransa domin latti yakan zaɓi ya ɓuya a daji har a tashi.

Na huɗu, bambanci. Ɗan makiyayi, ɗan baƙo da rikici ya koro iyayensa, gurgu, da yarinyar da ta girmi 'yan ajinta, su ne aka fi warewa. 'Yan mata da suka soma al'ada sukan yi fashi kowane wata in babu makewayi mai ƙofa da ruwa.

Misali daga lambu

Kowane mai lambu ya san dashe. In ka ciro tumatir daga wurin reno ka dasa, kwanakin farko su ne masu hatsari. Kana ba shi ruwa safe da yamma, kana kāre shi daga rana, har saiwarsa ta kama. Yaron da ya shiga aji ɗaya, ko ya koma sabuwar makaranta, ko ya komo bayan girbi, dashe ne. In ba a kula da shi a makonnin farko ba, zai yi yaushi.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

1. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa duba rajista tare da hedimasta sau ɗaya a wata. Fashin kwana 2 a wata ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu. Kada a rena shi.

2. Kowane yaro mai fashi a ba shi babba guda wanda zai riƙa bin sawunsa, ba da faɗa ba. Tun 1990 Jami'ar Minesota ta gwada irin wannan hanya, aka ga tana taimakon yara su tsaya a makaranta. Mu kuwa mun riga mun san ɗa na kowa ne.

3. A ware mudu kaɗan daga hatsin ƙungiya domin riga, da littafi, da kuɗin makaranta na yaran da iyayensu suka gaza. A biya a asirce, kada yaro ya ji kunya.

4. A shirya aikin gayya ran Asabar ko lokacin hutu, domin shuka da girbi kada su cinye kwanakin karatu.

5. A taimaki makaranta da lambu. Yaron da karatu yake ba shi wuya, wataƙila shi ne gwanin yin kunya da ban ruwa. In aka yaba masa a nan, zai ɗaga kansa a aji.

6. Iyaye su riƙa leƙa makaranta, ba sai an yi laifi ba. Da dare a tambayi yaro, "Wane ne abokinka? Me malam ya ce maka yau?"

Ga malamai kuma muna roƙo: ku koyi sunan kowane yaro, ku gaishe shi da harshensa ko da kalma ɗaya ce. In ya komo bayan fashi, a tarye shi da "Mun yi kewarka" kafin a tambayi dalili. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a ƙauyenmu suka bar makaranta bara? Wa ya je ya tambaye su dalili?
2. A wane wata ne fashi ya fi yawa a makarantarmu? Me ya sa?
3. Waɗanne yara ne ake warewa a garinmu, ko da ba su cikin ƙungiyarmu?
4. Cikin abubuwa shida na sama, wanne za mu soma kafin taro mai zuwa, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Magatakarda ya rubuta abin da aka yanke, a karanta shi a taro na gaba.