Kafin ka kama hanyar Damagaram

Kuskuren da mutanenmu na Isawan suka fi yi idan za su yawon buɗe ido Damagaram shi ne makara. Mutum ya tsaya sai hantsi kafin ya nemi motar Tasawa, ya isa Zinder, wato Damagaram, da azahar, rana ta hana shi taka ko'ina. Ka yi sammako, kuma ka zaɓi lokacin hunturu, don zafin watan Afrilu ba ya barin kowa yawo.

Kada ka ce sai ka ga komai a wuni ɗaya. Unguwar Birni kaɗai ta isa: fadar Sarkin Damagaram, ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19, da gidajen ƙasa masu zanen ado a goshin zaure, maƙale tsakanin manyan duwatsu. Zinder ce hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. A ƙofar fada, ka gaida dogarai, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka kuma tanadi ɗan goron wanda ya zagaya da kai. Barikin soja kuwa, kul, ba a ɗaukarsa hoto.

Katin ɗan ƙasa ya zama yana aljihunka saboda shingen jandarmomi. Kuɗin komowa ka ware shi daban kafin ka shiga kasuwa, don kayan dukawan Zinder suna da jan hankali.