Gyaran Ƙarafan Wuyan Jita Kafin Kirsimati

'Yan'uwa, garaya da molo ba su da ƙarafa a wuya, yatsa ne ke neman murya. Jita kuwa dabam take. Ƙarafan nan da aka gindaya a wuyanta su ne ke yanka muryar tsirkiya, in ɗaya ya kauce duk waƙar ta ɓaci. Jitocin da kafintocinmu na Rogo da Karaye suke sassaƙawa suna aiki sosai da damina. Amma da hunturu ya shigo sai itace ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Shi ya sa matsalar takan taso daidai lokacin da mawaƙa suke shirin Kirsimati.

In tsirkiya tana karkarwa a wuri ɗaya kaɗai, kada ku zargi tsirkiyar. Ƙarfen da ke gaba da yatsa ne ya ɗago. Ku sami guntun rula miƙaƙƙe, ku ɗora shi a kan ƙarafa uku kawai. In ya yi rawa, na tsakiya ya fi sauran tsawo. Sau da yawa ya fita daga raminsa ne. A ɗiga gam kaɗan, a ɗora guntun katako a kai, a buga a hankali da ƙaramar guduma. Sai in bai zauna ba za a sa magagari, shi ma kaɗan kaɗan, ana aunawa. Abin da aka goge ba ya dawowa, kuma in ya yi ƙasa ƙwarai na gabansa ne zai kama karkarwa.

Bakin ƙarfe da ke yankan hannu, a goge shi da sanfefa, kuma a yi shi yanzu da itace ke bushe.

Akwai ciwon da magagari ba ya warkarwa. In jita ta yi daidai a sake amma tana ƙarya in an danna, ku ɗauko abin awo. Ƙarfe na 12 dole ya zauna a tsakiyar tsirkiya, tsakanin madogarin sama da jaki. In tsawon tsirkiya santimita 65 ne, na 12 yana kan 32.5, na farko kuwa wajen 3.6 daga sama, tazarar tana raguwa har ƙasa. Wani kafinta yakan raba su daidai wa daida kamar kunyoyin gyaɗa. Irin wannan sai an cire ƙarafan duka an sake yanka ramuka. In kuskuren ɗan kaɗan ne, a gwada matsar da jaki tukuna.

Kada ƙungiya ta yi saurin taɓa kuɗin taki don sayen sabuwa a Kano. Bayan sujada a sassauta tsirkiyoyi kaɗan, a nannaɗe jita da zane, kada a rataye ta kusa da kwanon rufi ko a bar ta a rana.