Ƙanena Ya Dawo Daga Ci-rani da Shan Wiwi, Yanzu Yana Son Mu Shuka Ta a Gonar Gado

 Malam, ina rubuto maka ne daga Zakirai, ƙaramar hukumar Gabasawa, kan wata matsala da ta hana ni sukuni. Ba ni da wanda zan faɗa wa a gari maganar ba ta bazu ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ɗaya. Ba a raba ta ba, gandu muke yi ni da ƙannena biyu, kuma ni ne babba. Gero da dawa muke shukawa, mu sa wake da gyaɗa a tsakani. Ka san yanayin ƙasarmu, gona a jikin gona, ba sauran fili, ga taki ya yi tsada. Abin da muke samu da ƙyar yake kai mu wata damina.

Autanmu, ɗan shekara 22, ya tafi ci-rani Kudu, ya yi aikin ƙarfi a wajen Ondo da Legas. Ya dawo da babur da 'yan kuɗi, amma ya dawo da shan wiwi. Da farko a ɓoye yake sha, yanzu kuwa safe da yamma ne. Kullum idonsa ja, ga tari, in bai sha ba ba ya iya cin abinci, kuma kowa abokin faɗansa ne. Kwanakin baya ya fara cewa maƙwabta suna zancensa, wai ana bin sa a baya in ya fita da babur. Wani dare ya tashe ni wai ana kiran sunansa ta bayan danga, na fita da fitila ban ga kowa ba. Inna ta ce iska ce, ana ta yi masa rubutu da hayaƙi.

Ana cikin haka sai ya zo mini da wata magana. Wai akwai irin wiwi da ba ya sa maye, ana yin mai da igiya da magani da shi. Ya nuna mini gonakinta a waya, ya ce a Amurka ne, kuma wai har wani gwamna a ƙasar nan ya ce a halatta nomanta. Ya ce ya zo da iri, mu gwada a tsakiyar dawa, kuɗin da za a samu ya fi na gero nesa ba kusa ba. In na ƙi, a raba gado a ba shi kasonsa ya yi abin da ya ga dama.

Malam, da gaske ne an halatta noman irin wannan? Kuma wiwin ne ya jawo masa wannan sambatu, ko dai iskar ce? Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari ko a kore shi daga gida. Ni kuma ina jin tausayinsa, ni na goye shi. Ka ba ni shawara, Allah Ya saka da alheri.

Naka, wani manomi daga Zakirai.

AMSA

Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ƙaninka lafiya. Wasiƙarka ta ƙunshi matsala biyu. Ta gona ita ce mai sauƙi, amsarta a bayyane take. Ta lafiyar yaron ita ce mai gaggawa. Bari mu fara kawar da ta gonar.

Ƙaninka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, shi ya sa maganarsa take da haɗari. Gaskiya ne akwai nau'in wiwi da ake nomawa don zare da mai. Abin da ke sa maye a ganyen wani sinadari ne da likitoci ke kira THC, kuma shi wannan nau'in kaɗan yake da shi. A 2018 Amurka ta halatta nomansa bisa sharaɗin kada sinadarin ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, kuma sai da lasisi da gwajin hukuma. A Afirka, Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Maroko ta yi tata dokar a 2021, Ghana ma ta buɗe ƙofar lasisi ga nau'in mai ƙarancin maye. Gwamnan da yake nufi kuwa marigayi Rotimi Akeredolu ne na Jihar Ondo, wanda ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira da a bari a noma ta don magani da fitarwa waje. An kai ƙudurori Majalisar Wakilai kan haka, amma ba wanda ya zama doka. Shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha fitowa yana adawa da halatta ta.

Saboda haka dokar da ke kanku a Zakirai tana nan yadda take. Dokar wiwi ta 1966, ta zamanin mulkin soja na Janar Aguiyi-Ironsi, ta haramta shuka duk wani tsiro na dangin wiwi, ba ta ware mai maye da marar maye ba. A lokacin da aka kafa ta, hukuncin kisa ta tanada, ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. A 1989 aka kafa NDLEA, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shuka ko sarrafa miyagun ƙwayoyi, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su ko yana sha. Alƙalan Babbar Kotun Tarayya sukan sassauta a wasu shari'o'i, amma mai iyali ba ya ɗora rayuwarsa kan sassaucin alƙali. Ka kuma lura da wannan: doka tana kama wanda wuri ke hannunsa in ya bari aka ajiye ko aka sarrafa ƙwaya a ciki da saninsa, kuma kotu na iya ƙwace kadarar da aka yi laifin da ita. Kai ne mai gandu. Ranar da aka zo, kai za a fara tambaya, kuma gonar da Inna da ɗaya ƙanin naku suke ci a cikinta ce za ta shiga shari'a.

Ko da a ce babu doka, lissafin nasa bai fita ba. Da ido ba a bambance nau'in zare da nau'in maye, sai a ɗakin gwaji. Irin da ya samo a Kudu daga ina ya fito? A dazuzzukan Ondo da Edo da Osun, inda NDLEA take sare gonakin wiwi tana ƙonawa, ba don igiya ake noma ta ba. Sannan ka tambaye shi, in an girbe wa zai saya? Ba masaƙa ko matatar mai da za ta karɓa a fili. Mai saye ɗaya ne, dilan da zai ƙulla ta ya sayar wa 'ya'yan maƙwabtanku. Malamanmu kuwa ba su da saɓani kan haramcin abin da ke gusar da hankali, da cin kuɗinsa.

Ka faɗa masa a'a ɗaya, ba tare da zagi ba, kuma ka tabbata irin nan ya bar gidanku, a ƙone shi, don ajiye shi ma laifi ne. Maganar gado haƙƙinsa ce a shari'a, kada ka musa masa. Sai dai ka ce za a zauna da kawu da malamin da kuka yarda da shi bayan ya samu lafiya, kuma ka sanar da shi cewa ko a kasonsa ya shuka, hukuncin ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mutum ya riƙa zargin ana zancensa, ana bin sa, yana jin murya ba mai magana, waɗannan alamomi ne na taɓuwar ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani sarai, kuma wiwi na cikin abubuwan da ke tayar da ita. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka yi a wurare da dama na Turai da Birazil, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da irin wannan ciwo, in kuma mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, shi ya sa abin ya fi yi wa matasa illa. Haɗarin yana ƙaruwa in akwai mai taɓin hankali a dangi. Ga kuma abin da ake sayarwa yanzu da suna irin su Kolorado da Laud, wanda ya fi ganyen da aka sani a da ƙarfi, wani ma an haɗa shi da sinadarai.

Sauran abubuwan da ka lissafa su ma sanannu ne. Hayaƙin wiwi yana ƙona hanyoyin numfashi, ya kawo tari da majina na kullum. Wiwi tana sa zuciya bugawa da sauri, tana rage riƙe abu a ka, tana kuma jinkirta hannu da ido, abin tsoro ga mai hawa babur a titin Gezawa. Rashin cin abinci da faɗa in bai sha ba kuwa alamar jiki ya saba ne. Kusan ɗaya cikin goma na masu sha sukan kai wannan matsayi, a cikin waɗanda suka fara tun suna ƙanana kuwa kusan ɗaya cikin shida. Kada kunya ta rufe ku: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Nijeriya a lokacin. Gidaje da yawa suna cikin irin halinku, sun yi shiru ne kawai.

Likita ne kaɗai zai tantance abin da ke damunsa bayan ya duba shi, saboda haka a kai shi cikin makon nan. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, dabam da na kame. Ka shiga da shi, ka faɗa wa likita komai: tun yaushe ya fara, sau nawa a rana, ko yana haɗawa da tiramol ko kodin, yaushe ya fara jin muryoyi. Akwai magungunan da ke kwantar da zargi da jin murya. Da yawa sukan warware in sun daina sha, wasu kuma ciwon kan zauna musu, kuma jinkiri da ci gaba da sha su ne ke ƙara wannan haɗarin. In ya fara maganar cutar da kansa ko wani, ko ya kwana biyu bai runtsa ba, kada ku jira gari ya waye sau biyu. Kafin nan ka karɓi makullin babur da dabara.

In ya daina, ku shirya wa mako biyu masu wuya: rashin barci, munanan mafarkai, ƙin abinci, saurin fushi. Abin yakan fi tsanani a makon farko sannan ya lafa. A wannan lokacin ne mutane da yawa suke komawa, don haka kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a bar masa kuɗi a hannu.

Batun gidan mari, ka ba kawu haƙuri cikin ladabi. A 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Wanda yake ganin ana farautarsa, in aka ɗaure shi an tabbatar masa da zarginsa ke nan. Kora kuma kai shi hannun dila ne kai tsaye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Inna ma kada ka yi gardama da ita kan iska. Ka ce mata a ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti, sai dai a dakatar da hayaƙin saboda tarin da yake yi. Amma ka gaya mata gaskiyar shan da yake yi, don ita ce take gida lokacin da kake gona.

Akwai wani abu a maganar yaron da bai kamata ka yar ba. Ya ga gero ba ya riƙe gidan, yana neman amfanin gona mai kawo kuɗi, wannan tunanin mai kishin gida ne. In ya samu sauƙi, ka yanka masa ɓangare ya zama gayaunarsa, ya sa riɗi ko zoɓo. Duka biyun suna yi a ƙasa mai yashi irin taku, ba su cin taki da yawa, kuma a kasuwar Dawanau ake tara su a fitar da su waje, riɗi zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo zuwa Meziko. In igiya yake so ya yi, ga rama nan tun kaka da kakanni. Ku je Dawanau tare ya ji farashin buhu da kunnensa, ka bar masa kuɗin abin da ya noma. Sharaɗin kawai shi ne ya riƙa zuwa asibiti ranar da likita ya sa masa, kai kuma ka riƙa raka shi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ka haƙurin jinya.