Amsoshin Tambayoyinku: Ƙananan Masu Dafa Giya a Amurka

Wani mai sauraronmu daga Jos yana tambaya: yaya aka yi ƙananan masu dafa giya suka yawaita a Amurka?

To malam, bayan haramcin giya na 1920 zuwa 1933, manyan kamfanoni ne suka mamaye kasuwar, giyarsu kusan ɗanɗano ɗaya. A 1965 Fritz Maytag ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin giya na Anchor da ke San Francisco, wanda ke dab da durƙushewa, ya farfaɗo da shi.

Amma abin da ya fi tasiri shi ne dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, wadda ta ba mutum izinin dafa giya a gida. Masu wannan sha'awa suka yi ta kafa ƙungiyoyi suna koyar da juna. Daga cikinsu Ken Grossman ya fito, ya buɗe kamfanin giya na Sierra Nevada a Kaliforniya a 1980.