Idan Fargaba Ta Tsare Ɗanka a Gida

Ɗanka ya isa riƙe rumfa, amma da ranar kasuwa ta zo sai gabansa ya yi ta faɗuwa, gumi ya keto masa, numfashi ya sarƙe, ya koma ɗaki. Kada ka kira shi rago, kada ka auna shi da ƙannensa. Mai yiwuwa ciwon fargaba ne, kuma yana da magani.

Fara kai shi asibiti, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma sukan kawo bugun zuciya. A rage masa goro da kofi. Ƙwayar barci ta 'yan tebur kuwa, yau ta kwantar da hankali, gobe ta zama jaraba.

Kuskuren da na fi gani wurin iyaye na tausayi ne: a ɗauke masa kowane aiki. Gudun abin tsoro ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi. Yau ya raka ka bakin kasuwa, mako mai zuwa ya zauna rumfa rabin sa'a. In abin ya taso masa, zauna kusa, ku ja numfashi a hankali tare; yakan lafa cikin mintoci.

In ya ambaci kashe kansa, kada a kwana. A nufi asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake.