Darasi: Yadda Za Mu Jera Hotuna Su Ba da Labari

A kusan kowace ikilisiya tamu akwai mai hoto. Shi ne muke gani a ƙofar majami'a ranar ɗaurin aure, ranar baftisma da ranar godiyar kaka, da kyamara a rataye a wuya. Da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Amma tun da wayoyi masu kyamara suka shigo ƙauyuka, kasuwarsa ta ja baya, domin kowa yana ɗaukar nasa. Abin da yawancin masu waya ba su iya ba shi ne zaɓen hotuna da jera su, a haska su ɗaya bayan ɗaya har jama'a su zauna su bi labarin. Mai hoton da ya koyi wannan ya sami sabuwar hanyar abinci, ikilisiya kuma ta sami hanyar koyarwa da ke kai wa har ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Mun shirya wannan darasi domin masu sana'ar hoto, da kwamitocin aikin gayya, da zumuntar mata, da matasa. Yana da kyau a karanta shi a ƙungiya.

Abin ba sabo ba ne

Tsofaffinmu suna tuna majigi, wato motocin gwamnati da ke zagaya ƙauyuka da dare a zamanin Turawa da bayansa, suna nuna hotuna a kan tsabta, rigakafi da noma. Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitila mai haska hotunan gilashi a bango. David Livingstone ya yi yawo da irin wannan fitila. A shekarar 1854, a fadar sarki Shinte da ke yankin saman kogin Zambezi, ya haska hoton Ibrahim riƙe da wuƙa a kan Ishaku. Da ya zo janye hoton, sai mata suka ga kamar wuƙar ta nufo su, suka watse a guje. Darasin yana nan har yau: hoto yana da ƙarfi, kuma yana bukatar mai bayani.

A 1961 kamfanin Kodak ya fito da na'urar Carousel, wadda faifanta da aka fi sani yake ɗaukar hotuna 80. An daina ƙera ta a 2004, bayan kwamfuta da manhajoji irin su PowerPoint, wadda ta fito a 1987, sun karɓe aikin. Yau waya ɗaya tana ɗaukar dubban hotuna. Masu faifan 80 dole ne su yi zaɓe. Mu ba abin da ya tilasta mana, shi ya sa muke cika wa mutane ido.

Kuskuren da muka yi

Wata shekara mun gama aikin rijiya a wani ƙauye, muka shirya nuna hotunan aikin bayan sujadar yamma. Mun zuba duk abin da ke cikin kyamara, hotuna sun fi ɗari biyu, ba tsari. Kafin mu kai rabi yara sun yi barci, maza sun fara zamewa ɗaya ɗaya. Wannan ƙaramin abu ne. Babban kuskuren shi ne a cikin hotunan akwai na wata uwa riƙe da ɗanta da zawo ya ramar. Mun ɗauka ne don mu nuna illar ruwan tafki, amma ba mu tambaye ta ba. Ta ga kanta a bango a gaban surukanta da maƙwabtanta. Ta tashi ta fita, kuma ta yi watanni ba ta zuwa taron mata. Sai da muka je gidanta tare da matar fasto muka roƙi gafara. Yawancin abin da ke cikin wannan darasi daga wannan dare muka koya.

Mataki na ɗaya: a san saƙon

Kafin a taɓa ko hoto ɗaya, a amsa tambayoyi biyu. Su wa za su kalla? Me muke so su sani ko su yi bayan sun kalla? A faɗi amsar cikin jimla ɗaya, misali, "Rijiyar tamu ce, mu ne za mu kula da ita." Idan na biki ne, mai hoto ya zauna da ango da amarya ya ji su wane ne ba za a rasa fuskarsu ba. Mantawa da kakar amarya ya fi hoto mai duhu ɓata aiki.

Mataki na biyu: a tankaɗe

A ware hotunan sau biyu. A karo na farko a fitar da masu duhu, masu hazo, da waɗanda aka kama mutum ido a rufe ko yana tauna. A karo na biyu, duk inda hotuna biyar suka nuna abu ɗaya, a ɗauki guda. Ga lissafi mai sauƙi: idan kowane hoto zai tsaya daƙiƙa 5, hotuna 60 za su ci minti 5. Wannan ya isa ga biki. Idan kuwa na koyarwa ne, inda wani zai yi bayani, hotuna 20 a kan rabin minti kowanne sun kai minti 10, sauran lokacin na tattaunawa ne.

Zaɓe yana da zafi, musamman ga wanda ya sha rana wajen ɗauka. Saboda haka a kira mutum na biyu ya duba, wanda bai je wurin ba. Hoton da bai gane ba sai an yi masa dogon bayani, a ajiye shi.

Mataki na uku: a jera kamar tatsuniya

Mai tatsuniya yana da farko, tsakiya da ƙarshe. Haka jerin hotuna. A labarin rijiya, a fara da yadda ake a da: 'yan mata da jarkoki a hanyar tafki. Sai taron shawara, sai haƙa, sai ranar da ruwa ya fito. A rufe da abin da ya rage a yi, kamar shinge da asusun gyara.

A riƙa cakuɗa iri uku:

• Hoton nesa, mai nuna wurin gaba ɗaya, don mai kallo ya san inda yake.

• Hoton tsakiya, mai nuna mutane suna aiki.

• Hoton kusa, kamar fuska, ko hannu riƙe da igiyar guga.

Hotunan mutane a jere sun ƙame suna kallon kyamara suna da amfani, amma guda goma a jere suna gajiyarwa. Idan za a nuna "da" da "yanzu", a ɗauki biyun daga wuri ɗaya, da bishiya ko gini ɗaya a ciki, don kowa ya yarda wurin ne. Mafi kyawun hoto a sa shi a farko ko a ƙarshe, domin su ne ke zama a zuciya.

Mataki na huɗu: rubutu, motsi da kiɗa

Rubutu ya zama kaɗan, manyan baƙaƙe, kalmomi biyar ko shida, cikin harshen masu kallo. A tuna da yawa ba za su karanta ba, don haka kada saƙon ya rataya a kan rubutu.

Manhajoji suna da salon sauya hoto iri iri: juyi, tsalle, farfashewa. A zaɓi ɗaya mai sauƙi, inda hoto ke narkewa cikin na gaba, a tsaya a kansa. Akwai kuma matsowa a hankali zuwa cikin hoto, salon da ake kira da sunan Ken Burns, Ba'amurken da ya yi amfani da shi a fim ɗinsa na 1990 a kan yaƙin basasar Amurka. Yana da kyau idan ana so a kai ido ga fuska ɗaya a cikin taro, amma ba a kowane hoto ba.

Allon majigi da talabijin a kwance suke, yawanci a ma'aunin 16:9. Hoton da aka ɗauka da waya a tsaye zai bar baƙi dama da hagu. Idan an san za a haska, a kwantar da wayar tun wajen ɗauka. Kada a ja hoto don ya cika allo, mutane za su koma gajeru masu faɗi.

Kiɗa kada ya danne muryar mai bayani. Waƙar wani kuwa haƙƙinsa ce. Mai hoton da zai sayar da aikinsa ko ya sa shi a Facebook ya nemi izini, ko ya roƙi mawaƙan ikilisiyarsa su yarda ya naɗi muryarsu.

Mataki na biyar: izini da mutunci

Wannan ya fi sauran muhimmanci. Izinin ɗaukar hoto dabam, izinin nuna shi a gaban jama'a dabam. A gaya wa mutum inda za a nuna da waɗanda za su gani, a nuna masa hoton, a kuma ba shi damar cewa a'a ba tare da ya rasa taimakon da ake bayarwa ba. Hoton yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. A Nijeriya dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta bukaci haka. Kada a nuna mara lafiya, ko yaro tsirara, ko mai karɓar tallafi a yanayin da zai ji kunya. Ma'aunin yana cikin Matiyu 7:12. Mu tambayi kanmu: da mahaifiyata ce, zan so a haska ta haka?

Hanya mafi kyau ita ce mutane su ɗauki hotunan rayuwarsu da kansu. A farkon shekarun 1990, a lardin Yunnan na ƙasar Sin, Caroline Wang da Mary Ann Burris sun ba matan karkara kyamarori. Matan suka ɗauki hotunan aikinsu na yau da kullum, suka tattauna a kansu, sannan aka nuna wa jami'an gwamnati. Zumuntar mata za ta iya yin haka da waya biyu ko uku.

Ranar nunawa

• A ajiye aikin a matsayin bidiyo na MP4, a sa a filash da kuma waya. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawa kai tsaye tana rage kyan hoto.

• A gwada komai tun da rana, da na'urar da za a yi amfani da ita.

• Farin bango ko farin zanen gado da aka ɗaure sosai ya isa allo. A jira duhu ya yi, ko a rufe tagogi.

• A ajiye janareto a waje, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki, ƙararsa kuma tana hana ji.

• Yara su zauna a gaba, tsofaffi kusa da lasifika. Mai bayani ya tsaya a gefe yana fuskantar jama'a.

• A tsayar da hoto a yi tambaya: Me kuka gani? Yana faruwa a nan? Me ya jawo shi? Me za mu yi?

Inda babu wuta ko majigi, a wanke hotuna 12 manya, a manna kowanne a kwali, a rubuta bayanin a baya, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin bai canja ba.

Ga mai sana'a kuma: a yi maganar kuɗi, yawan hotuna da ranar bayarwa tun kafin biki, a rubuta. A ajiye kwafi a wuri biyu, domin memori yana lalacewa, aure kuwa ba a maimaita shi don hoto.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya taɓa ganin majigi a cikinmu? Me ya tuna, kuma me ya sa bai manta ba?

2. Wane labari na ƙauyenmu ya kamata jikokinmu su gani?

3. An taɓa nuna hotonmu ba da saninmu ba? Yaya muka ji?

4. Su wane ne ba sa fitowa a hotunanmu? Tsofaffi, naƙasassu, gwauraye, ko maƙwabtanmu da ba 'yan ikilisiya ba?

5. Ta yaya za mu tallafa wa masu sana'ar hoto da ke cikinmu, maimakon mu riƙa neman aikinsu kyauta?

Aikin gwaji

A kasu ƙungiyoyi na mutum huɗu ko biyar. Kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya, kamar tafiyar gero daga gona zuwa rumbu, ta ba da labarinsa da hotuna 10 kacal, da izinin duk wanda ya fito a ciki. A taro na gaba a nuna ba tare da magana ba, sauran su faɗi abin da suka fahimta. Idan sun faɗi abin da ƙungiyar ta nufa, jerin ya yi. Idan ba haka ba, a sake tsarin a kuma gwadawa.