DARASI: GASHIN TUKUNYA, WUTA ƘASA WUTA SAMA

Darasinmu na wannan karo kan girki ne. Maza kada ku ce ba ruwanku. Ku ne masu buɗe rumbu, ku ne masu zuwa kasuwa, kuma ƴaƴanku ne za su ci.

A ƙauyukanmu yaro yana iya wuni da fura, ya kwana da tuwo da miyar kuka, gobe ma haka. Cikinshi ya cika, amma jikinshi bai samu duk abin da yake bukata ba. Hatsi yana ba da ƙarfi. Gina jiki kuwa aikin wake ne, da gujiya, da ƙwai, da nama, da kifi, da nono. Tsare jiki daga cuta aikin ganye ne da kayan garka. Idan aka daɗe yaro ba ya samun biyun nan na baya, sai tamowa ta kama shi. Wani kuma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ba ya gani sosai. Wannan shi ne dundumi. Rashin bitamin A ke kawo shi. Kabewa, da karas, da mangwaro nunanne, da ganyen zogale, duk suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Amma sai da ɗan mai a cikin abincin jiki ke ɗaukar shi da kyau.

To yaya za a haɗa waɗannan abubuwa cikin tukunya guda, ba tare da ɓarnar mai da icce ba? Dubara ɗaya ita ce gashin tukunya.

A birane masu hali suna da akwatin gashi na gas ko na lantarki. Suna jera abinci cikin kwano, su sa a ciki, zafi ya kewaye shi ta ko'ina har ya nuna. Mu ba mu da wannan akwati, kuma ba dole ne ba. Buzaye tun kaka da kakanni suna gasa gurasarsu cikin rairayi mai zafi, su rufe ta da toka da garwashi. Abin da ake nema ke nan: zafi daga ƙasa, zafi daga sama. Tukunyar ƙarfe mai marfi da garwashin da ya rage bayan tuƙa tuwo sun isa. Garwashin nan kullum mutuwa yake yi a banza.

Gashin wake da kabewa

Wannan awo na gida mai mutum 6 ne. Gwangwanin da muke nufi shi ne na madarar ruwa.

A samo wake gwangwani 2, garin hatsi gwangwani 1, kabewa yankakka cikin kwano madaidaici, albasa 2, tumatir 4 ko kauɗa, ganyen zogale cikin tafi 2, garin ƙuli-ƙuli cokali 4, man gujiya cokali 3, ƙwai 2 ko 3, daudawa da gishiri.

Tun da dare a tsince wake, a wanke, a jiƙa shi. Waken da ya kwana cikin ruwa yana saurin nuna, ba ya cin icce da yawa. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a sa sabo, a dafa har wake ya yi laushi, yana murƙushewa tsakanin yatsu. Kada a ce gashi zai ƙarasa shi. Gashi ba ya nunar da ɗanyen wake, kuma waken da bai nuna ba yana ɓata ciki. Kanwa fa? Mun san ana sa ta don wake ya yi laushi da wuri, amma tana kashe wasu bitamin na cikin abinci. Wanda ya jiƙa wakenshi ba ya bukatar ta.

Ruwan da ya rage cikin dafaffen wake kada a zubar. Da shi za a dama garin hatsi, ya yi kauri kamar ƙullun masa. A fasa ƙwai a ciki, a sa gishiri kaɗan, a kaɗa.

Yanzu a shafa mai a cikin tukunya, gindi da gefe. A shimfiɗa albasa a ƙasa, a bi da kabewa. A yanka kabewa siriri, kaurinta kada ya kai na yatsa, in ba haka ba sama ta nuna ta bar ta ɗanya. A haɗa wake da tumatir da daudawa da garin ƙuli-ƙuli, a zuba bisa kabewa. A barbaɗa zogale wankakke. A ƙara ruwa kamar rabin gwangwani ta gefe. Daga ƙarshe a zuba ƙullun hatsi a sama ya rufe duka, a yayyafa sauran mai. Kada tukunya ta cika fal. A bar wuri kamar faɗin yatsu 3 tsakanin abinci da marfi.

Wuta ita ce aikin

Nan ne mutane suka fi kuskure, mu ma nan muka yi namu. Ranar da muka fara gwadawa a wata cibiya, mun tara garwashi duka a ƙasa, kamar masu dafa tuwo. Gindi ya ƙone ƙurmus, sama kuwa ƙullu ne tsululu. Mata suka yi ta dariya, awaki suka samu kalaci.

Ga yadda ake yi. A raba garwashi kashi 3. Kashi 1 a baza shi ƙarƙashin tukunya, kashi 2 a ɗora bisa marfi. In marfin mai tudu ne, garwashi yana zamewa, sai a birkice shi, ko a rufe tukunya da farantin ƙarfe. Harshen wuta ba ya cikin wannan aiki. Karan hatsi ma bai dace ba, garwashinshi ba ya jimawa. Garwashin icce mai ƙarfi ko gawayi ya fi. A zaɓi wurin da iska ba ta bugawa, lokaci lokaci a juya tukunya kaɗan don kada gefe ɗaya ya fi cin wuta.

Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, zafi ke gudu. Bayan kamar minti 30, a ture toka daga bakin marfi, a ɗaga a hankali. A soka tsinke mai tsabta har ƙasa. In ya shiga kabewa ba wuya, ya fito ba ɗanyen ƙullu a jikinshi, abinci ya yi. In da saura, a ƙara garwashi a sama, a ba shi minti 10. A sauke, a bari ya huce kaɗan, sannan a yanka.

Ku lura, mai cokali 3 ya ishi mutum 6. Ku tuna man da kaskon ƙosai ke sha. Kuma ba ruwan da aka tsiyaye aka zubar: abin da ya fito daga ganye da kabewa yana nan cikin tukunya.

Ba mu sa tonka ba, da gangan. Manya su barbaɗa yajinsu a nasu kwano. Yaron da ya wuce wata 6 a murƙushe mashi nashi da cokali, a sassauta da tafasasshen ruwa, a ba shi cikin kwanonshi shi kaɗai, uwa tana kallo, kuma a ci gaba da ba shi nono. Wanda bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ne abincinshi. Akwai masu cewa yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama. Wannan camfi ne. Da damina ƙwan zabi yana araha, ku ba yara.

In babu kabewa, dankali yana yi, musamman mai jan ciki. In babu ƙwai, a daka busasshen kifi, a cire ƙaya, a haɗa da wake. In babu zogale, ga ganyen wake, ga alayyafo, ga tafasa. Tun bayan farin 1984 noman rani ya yaɗu cikin ƙasarmu, garake suna ba da karas da kabeji da tumatir lokacin sanyi, duk suna shiga wannan tukunya. Mai tsoron ƙonewa kuma ya zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya jera abincin cikin kwanon ƙarfe, ya ɗora bisa rairayin, ya rufe. Ya fi jimawa, amma ba ya saurin ƙonewa.

Hattara

Kada a yi gashi da gawayi cikin ɗaki a rufe, ko da ana sanyi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, mai kisa. A yi a fili, a kuma nisantar da ƙananan yara daga garwashi. Gwangwani ko kwanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fenti, ko man mota, kada ya kusanci abinci, ko an wanke shi. Gujiyar da ta yi fumfuna a zubar da ita, dafinta yana lalata hanta kuma wuta ba ta kashe shi. Gishiri a nemi mai iyod, shi ke tsare mutum daga maƙoƙo. Abincin nan da ƙwai a ciki, saboda haka a cinye shi ranar da aka yi shi. In an aje na rana zuwa dare, a ɗumama shi har ya yi zafi sosai kafin a ba yaro.

Aikin cibiya

Ku tattauna da malaminku: a garinku, wane wata ne ake samun kabewa, wane wata ne take ƙarewa? Me za ku sa a madadinta?

Lissafi: gida mai mutum 6 yana bukatar wake gwangwani 2. Gida mai mutum 15 gwangwani nawa zai jiƙa? Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku kawo ranar karatu mai zuwa.